Dashen Haƙori da Iyakar Sanin Na'ura

Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Daura yana bambanta gyaran da lalura ta kawo da canza halittar Allah, kuma hadisin Arfaja, wanda aka yi wa izinin sanya hancin zinare, ya isa hujjar halaccin dashen haƙori, wato kafa ƙusar titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi. Abin da ya rage shi ne batun amana, domin kwamfuta tana tsara hanyar ƙusar daga hoton ƙashi, amma inda ƙashin ya yi taushi, kamar bayan muƙamuƙin sama, mahujin ƙashin yakan kauce wa tsarin. Tunda na'ura ba mukallafa ba ce, wato shari'a ba ta ɗora mata nauyi ba, alhakin kuskuren yana wuyan likita.