GADON UBA DA KUFAN KAKANNI
Gargaɗi ga masu bi a kan girmama iyaye bayan rasuwarsu

Ka san doka ta biyar cikin Dokoki Goma, wadda ke rubuce a Fitowa 20:12, inda Ubangiji ya umurce mu da girmama uba da uwa. Ka kuma san Manzo Bulus ya tuna wa Afisawa cewa ita ce doka ta fari da aka haɗa da alkawari. Amma da yawa cikinmu suna tsammani wannan doka ta ƙare ran da aka mai da ƙasa bisa kabari, aka tashi daga zaman makoki, kowa ya kama gabansa. Ni ma haka na yi zato, ko da yake kowane mako nakan koya wa masu neman baftisma dokokin nan, har ran da Allah ya karɓi ran ubana, ya gwada mini da abin da ya same ni cewa dokar tana bisa wuyan ɗa muddar ransa. Abin da na koya da kunya shi nake so in ba ka, domin kada ka yi tuntuɓe inda na yi.

Sa'anda nake yaro na taɓa tambayar ubana, na ce, "Baba, ina ne ainihin garinmu?" Da yake ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba, bisa ga al'adar kunya ta mutanenmu. Sai ya ce, "Kai yaron nan, zauna, gama amsar tana da tsawo." Ya ɗaga yatsu huɗu, ya shiga lissafi.

Na fari, in ji shi, Kano ne. Can a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da aka rubuta a kan Annabi Isa cikin littattafan da yake da su, har ya tara almajirai da aka sa musu suna Isawa. Wajen shekara ta 1867 aka kashe shi a Kano saboda koyarwarsa, almajiransa kuwa suka watsu. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka gudu. Na biyu, ƙasar Ningi, wurin duwatsu, inda suka sami mafaka suka yi shekaru suna noma, suna riƙe da sauraron cewa wata rana za a kawo musu cikakken labarin Isa. Na uku, Gimi, a ƙasar Zazzau. A 1905 Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a birnin Zariya, a 1913 kuwa waɗansu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, suka ji Linjila, suka gaskata; a 1914 suka taru da iyalansu suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, suka gina majami'a da makaranta. Amma akwai ƙudan tsando a kurmin da ke kusa da su, shi ne mai kawo ciwon barci, ba a kuwa yi shekara goma ba ciwon ya cinye mutane da yawa, sauran suka tashi. Kakan ubana can aka binne shi, aka ɗauko ɗansa yana ƙarami aka kawo shi makarantar mishan a Zariya. Na huɗu, Wusasa, inda mishan ta ƙaura daga cikin birni a 1929, aka gina majami'ar Bartalamawas mai tsarki da ƙasa, irin ginin Hausawa, wadda har yau tana nan tsaye. Nan kakana ya yi aure, nan aka haifi ubana, nan ya sami gonarsa.

Da ya gama sai ya ce, "To, ka ga gari huɗu, babu kuwa wanda muka bari don mun gaji da shi. Idan ka girma za ka gane wanne ne namu." Daga baya, ina saurayi, ya kai ni wajen Gimi da rani, ya tsaya a wani fili ya tuɓe hularsa, ya yi addu'a ta godiya, ya ambaci kakansa wanda bai taɓa gani ba. Bai yanka kome ba, bai zuba kome a ƙasa ba, bai kuwa roƙi matattu kome ba. Ya ce mini in riƙa kawo 'ya'yana su ga wurin.

Yanzu fa ga abin kunyata. Bayan rasuwarsa, tun ba a yi wata uku ba, gardama ta tashi tsakanina da ƙanena a kan gonar nan. Gari ya matso kusa da ita, masu neman fili suna zuwa da kuɗi, ni kuwa ina da bashi da kuɗin makarantar yara, na ce a sayar a raba. Ƙanena, wanda shi ne ya yi ta noma ta tare da Baba sa'anda nake makaranta, ya ce, "Yaya, in aka sayar, Inna me za ta ci?" Na ce masa ni ne babba, maganata ita ce magana. Muka yi damina guda ba mu gaisa, muna shiga majami'a ɗaya, muna durƙusawa a gaban teburin Ubangiji ɗaya. A cikin wannan hali kuma nake shirin babban taron tunawa da Baba, da anko da sa na yanka, domin mutane su ce 'ya'yansa sun girmama shi.

Wanda ya farkar da ni baffanmu ne, wani dattijo Musulmi daga cikin danginmu da ba su bi hanyar Gimi ba, wanda zumunci bai taɓa yankewa tsakaninsa da ubana ba. Ya zo ya zaunar da ni a zaure, ya ce, "Ɗana, na ji za ka yanka sa don ubanka. Shekara arba'in na san shi, ban taɓa jin ya kwana da fushin ɗan'uwansa ba. Wane uban ne kake tunawa?" Ban sami abin da zan ce ba. A daren nan na buɗe Luka 12, inda wani mutum ya roƙi Ubangiji Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Ubangiji kuwa ya ƙi zama alƙalinsu, ya juya ya gargaɗi taron a kan ƙyashi da haɗama. Na ga fuskata a cikin mutumin nan kamar a madubi. Da gari ya waye na tafi wurin ƙanena na roƙi gafara. Gonar tana hannunsa, yana ciyar da Inna daga cikinta, ni kuwa ina biyan bashina kaɗan kaɗan. Ba a yanka san ba, aka sayar da shi aka gyara ɗakin Inna da ke yoyo.

Daga wannan na tsamo abu huɗu, ina roƙonka ka auna su da Maganar Allah.

Na fari, girmama uba da ya rasu shi ne bin kyakkyawan halinsa. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma yawancinmu gona da gida muke ji da wannan magana, mu manta da hali. A Yahaya 8 Ubangiji ya nuna wa masu taƙama da zama zuriyar Ibrahim cewa ɗan Ibrahim na gaskiya da ayyukan Ibrahim ake gane shi. Duba kuma Irmiya 35: an ajiye ruwan inabi a gaban Rekabawa cikin haikali, suka ƙi sha, domin kakansu Yonadab ya hana su, ko da yake ya daɗe da mutuwa ƙwarai, Allah kuwa ya yabe su, ya sa su zama abin misali ga mutanen Yahuza. Idan ubanka mai gaskiya ne a mudu da ma'auni, ka zama haka. Idan kuwa ya yi kuskure a rayuwarsa, kada ka tona asirinsa a bakin kasuwa, kada kuma ka gaji kuskuren. Ka biya bashin da ya bari, ka nemi waɗanda ya ɓata wa rai ka shirya da su, wannan ma girmamawa ce.

Na biyu, ka lura da waɗanda ya bari. Ubangijinmu yana bisa gicciye, cikin azaba, bai manta da uwatasa ba, ya danƙa ta ga almajirin da yake ƙauna. A Markus 7 kuma ya tsauta wa waɗanda ke fakewa da baiko ga Allah domin su hana iyayensu taimako. Ina amfanin taro mai ganga da tukwane goma, alhali gwauruwa tana kwana cikin ɗaki mai yoyo, marayu kuma an kore su daga makaranta? Na ga gidajen da tsoho ya kwanta ciwo wata shida ba a sami kuɗin magani ba, ran da ya mutu kuwa kuɗi suka fito kamar ruwan sama. Ba laifi ba ne a taru a gode wa Allah saboda ran wanda ya tafi, amma a yi shi daidai ƙarfi, ba da cin bashi ba, ba kuwa domin idon mutane ba.

Na uku, ka san iyakar tunawa. Matattu ba su da ikon kawo ruwa ko hana ciwo, ba su kuwa bukatar jinin kaza ko giya a bisa kabari. Kubawar Shari'a 18 ta hana neman shawara wurin matattu, matsakanci kuwa ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Yesu Kristi. Idan wani ya ce maka rashin haihuwa ko asarar amfanin gona fushin ubanka ne, sai ka yi yanka, kada ka ji tsoro, kada kuma ka zage shi. Ka amsa masa da ladabi, ka ƙi. Kuka ba zunubi ba ne, gama Ubangiji kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege.

Na huɗu, kada ka raina ƙasar kakanninka, kada kuma ka mai da ita abin bauta. Waɗansu da suka yi karatu suka sami aiki a Kaduna ko Abuja ko Ikko sukan ji kunyar ƙauyensu, 'ya'yansu ba su san sunan kakansu ba, ba su iya gaisuwa da harshen gida ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Ibrahim ya sayi kogon Makfela da shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu. Yakubu ya rantsar da Yusufu kada ya binne shi a Masar. Yusufu, wanda ya yi mulkin Masar duka, ya bar wasiyya a kan ƙasusuwansa, Musa ya ɗauke su ran fita, aka binne su a Shekem. Nabot ya gwammace fushin Sarki Ahab da ya sayar da gadon kakanninsa. Ka lura kuma da Farawa 25: Ishaku da Isma'ilu, waɗanda gidajensu suka rabu, tare suka binne ubansu. Idan danginka na can gida ba su bi bangaskiyarka ba, jininka ne duk da haka. Ka je musu suna da biki da ta'aziyya, gama zumunta a ƙafa take, mai yiwuwa kuma ta bakin ɗaya daga cikinsu Allah zai tsauta maka, kamar yadda ya yi mini.

Duk da haka ƙasa amana ce, ba madawwamin gida ba. Shi Ibrahim ɗin da ya sayi kogo, sa'anda rigima ta tashi tsakanin makiyayansa da na Lutu, ya bar wa Lutu zaɓi domin kada zumunci ya ɓaci. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 11, ta ce kakannin nan sun ɗauki kansu baƙi ne masu wucewa a duniya, da ƙasar da suka baro suke marmari da sun sami hanyar koma, amma wadda ta fi ta suke nema, wato ta sama. Sai da na karanta wannan bayan sulhu da ƙanena na gane abin da Baba yake nufi da yatsunsa huɗu. Kakanninmu sun bar Kano da Ningi da Gimi, sun bar gonaki da kaburburan 'ya'yansu, abu ɗaya ne ba su yarda su bari ba, shi ne sunan Yesu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, abin da Isawa na fari suka mutu suna jira, ga shi yau a ɗakin kowannenmu. Ni kuwa na kusa sayar da gadon nan mai girma saboda 'yar gona.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka ajiye takardan nan ka tambayi zuciyarka. Akwai ɗan'uwan da ba ku gaisawa saboda gado? Ka tafi wurinsa tun rana ba ta faɗi ba. Akwai bashin da ubanka ya bari, ko gwauruwar da ba ka leƙa ba? Ka gyara. 'Ya'yanka sun san inda kakanninsu suka fito, da abin da suka sha saboda bangaskiya? Ka zaunar da su ka faɗa musu, in da hali kuma ka kai su su gani da idonsu. Idan kuwa ubanka yana da rai har yanzu, ka gode wa Allah, ka je ka gaishe shi yau, ka tambaye shi labarin gidanku tun bakinsa yana iya faɗa.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba madawwami, Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, mun gode maka saboda iyayenmu da suka riga mu, da wahalar da suka sha domin mu san sunanka. Ka gafarta mana haɗama da taurin zuciya. Ka koya mana mu riƙe abin da suka bari da gaskiya, mu lura da gwauraye da marayu, mu zauna lafiya da danginmu duka, har ran da za ka tattara mu tare da su a garin da ka shirya wa masu ƙaunarka. Ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.