Ishiriniya ko Fiyano: Wa Aka Bar wa Amshi?

Da watan Maulidi ya kama sai tsohuwar gardama ta dawo unguwar nan. Dattawa na son a shimfiɗa tabarma a ja Ishiriniya yadda suka tarar, samari kuwa sai dai a ɗauko mai bege da fiyano da manyan lasifikoki. Kowa ya ce son Manzon Allah (SAW) ne ya kawo shi, kuma ban ƙaryata kowa ba.

Ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba. Maƙwabtanmu 'yan Katolika ma sun san ta. Shekaru aru-aru cocinsu na rera waƙoƙin ibada da Latin. A 1963 babban taron malamansu a Vatican ya ba da damar shigar da harsuna da kiɗan gida, amma ya ce tsohuwar rerawar ce a gaba. Har gobe wani na son ganga da waƙar Hausa, wani na kewar ta da.

Ni dai ban yarda sabunta ce laifin ba. Ishiriniyar kanta baƙuwa ce, Alfazazi mutumin Andalus ne, ya rasu a 1230. Bandirin da Shaihu Nasiru Kabara ya yaɗa a Kano ma ya sha suka. Samari kuma na da hujja: mu nawa ne ke fahimtar Larabcin da muke rerawa? Begen Hausa kai tsaye yake shiga zuciya.

Abin da ke damu na shi ne amshi. A zaman Ishiriniya mutum ɗaya ke ja, kowa na karɓa, tsoho da makaho da ɗan allo, ba a biyan kowa ko sisi. Da fiyano ya shigo sai makirfo ya koma hannun mutum ɗaya, saura mun zama 'yan kallo, wannan na liƙi, wancan na ɗauka a waya. Wani karin ma daga fim ɗin Indiya aka aro shi, baki na salati, zuciya na tuno jarumar fim. Shin wanda aka yi bege a gabansa ya yi begen?

Bana kwamitin Maulidi ya gayyato mai fiyanon, ba laifi. Amma a ware awa guda a kashe janareto, mu ji yaranmu nawa ne za su iya karɓar baiti.