Gobe Da Ba Ta Zuwa: Wa'azin Lokacin Azumi A Kan Jinkiri



Lokacin Azumi a ƙasarmu yakan zo daidai da lokacin sharar gona. Daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ba manomin da ake koya wa cewa masara ba ta jiran kowa. Wanda bai tanadi iri da taki ba sai da hadarin farko ya haɗu, zai saya da tsada, in ma ya samu. Wanda ya bar noman fari ya wuce da mako biyu, ciyawa ta riga ta cinye rabon shukarsa. Wannan ilimi muna da shi tun daga kakanni, har suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai yarda ya makara da zuba taki ko da kwana uku ba, shi ne kuma zai yi shekara biyar yana cewa gobe zai je ya shirya da ɗan'uwansa a kan gonar gado.

Me ke kawo haka? Da yawa za su ce ƙyuya ce. Ba mu yarda da wannan amsa gaba ɗaya ba. Saurayin da ya wuni yana haƙa da wankin kuza a duwatsun Riruwai ba malalaci ba ne. Matar da ta tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta kai abinci gona, ba wanda zai kira ta raguwa. Amma a tambayi wannan saurayi yaushe rabonsa da zuwa furta zunubi, a tambayi wannan mata me ya hana ta kai kumburin da ta ji a ƙirjinta asibiti. Aikin da muke ɗagawa ba shi ne mafi wuya ga jiki ba. Shi ne wanda ke tayar mana da tsoro ko kunya. Da zarar mun ce gobe, sai mu ji nauyin ya sauka daga ƙirji, kuma wannan ɗan sauƙi yana da daɗi. Zuciya takan koyi hanyar samunsa, ta yi ta komawa. Masana halayyar ɗan Adam ma abin da bincikensu ya nuna ke nan: mai jinkiri yana gudun damuwar da aikin ke sa masa ne, ba aikin kansa ba.

Littafi Mai Tsarki ya riga su sanin wannan. A cikin Ayyukan Manzanni sura 24, Bulus yana tsare a Kaisariya, gwamna Filikus ya sa aka kawo shi domin ya ji batun bangaskiya. Da Bulus ya taɓo maganar adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa, sai gwamnan ya tsorata, ya sallame shi da alkawarin zai sake kiransa in ya sami zarafi. Ku lura, Filikus bai ƙaryata Bulus ba, bai kuma ce maganar banza ce ba. Ya ɗaga ta kawai. Shekara biyu suka wuce, aka canja shi daga mulki, ya tafi ya bar Bulus a kurkuku, ba mu kuma sake jin labarin tubansa ba. Haka Fir'auna a Littafin Fitowa sura 8: kwaɗi sun cika ɗakin kwanansa da maƙwaɓan gurasarsa, Musa ya ba shi zaɓin lokacin da za a roƙi Allah ya kawar da su, shi kuwa ya zaɓi washegari. Ya gwammace ya ƙara kwana ɗaya da kwaɗi da ya sunkuyar da kai a ranar.

Dalili na biyu shi ne zaton cewa gobe za ta zo da kamannin yau. Dattawan Riruwai sun fi kowa sanin ƙaryar wannan zato. An daɗe ana narka kuza a wannan gari tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoni suka shigo da injuna har aka yi rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse. A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, aikin kamfanonin kuza ya durƙushe a ƙasar Jos, babban aikin Riruwai ma bai ɗore ba. Ma'aikacin da ke cewa sai albashin wata mai zuwa zai sayi gona ko ya rufa ɗaki, ba shi aka tambaya ba ranar da aka yanke shawarar a wata ƙasa mai nisa. Idan kasuwa tana iya juyawa haka, balle numfashin da ke hancinmu.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi damunmu domin yakan sa rigar ibada. Mukan ce in Allah ya yarda, ko lokaci bai yi ba tukuna, ko wani jinkirin alheri ne. Gaskiya ne Manzo Yakubu ya koya mana mu jingina shirinmu ga nufin Ubangiji, amma da masu shiri yake magana, waɗanda suka riga suka ɗaura niyyar tafiya. A cikin wannan sura ta 4 kuma ya nuna cewa sanin abin da ya kamata da ƙin yinsa zunubi ne. Haƙuri daban, jinkiri daban. Mai haƙuri ya yi nasa, ya shuka, yana jiran ruwan da ba ya hannunsa. Mai jinkiri kuwa irin yana cikin rumbu, yana cewa Allah yake jira.

Mu a wannan dayosis muna da malami na kusa a kan wannan al'amari. Bishop ɗinmu na farko, Patrick Sheehan, da wanda ya gaje shi a 2008, John Namaza Niyiring, dukansu daga ƙungiyar Waliyyi Agustin suka fito. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ya daɗe da gane gaskiyar Bishara da hankalinsa, amma ya kasa rabuwa da tsohuwar rayuwarsa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda yake roƙon Allah tsarkin rai yana kuma fatan kada amsar ta zo da wuri. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka da addu'a. A 386, a wani lambu a birnin Milan, ya daina ɗagawa. Bishop Ambros ya yi masa baftisma a daren Ista na 387, yana da shekara 32. A cikin wannan shekarar Monika ta rasu a Ostiya, suna kan hanyar komawa gida. Da ya ƙara Ista ɗaya yana shawara, da uwarsa ba ta ga abin da ta roƙa ba. Jinkirinmu ba mu kaɗai yake ci ba. Akwai mai jira a ɗaya gefen, kuma shi ma kwanakinsa ƙidayayyu ne.

To, yaya za mu yi? Da fari mu kira abin da sunansa. Kada mu ce muna so mu gyara rayuwarmu, wannan magana ce mai faɗi da ba ta da ƙofar shiga. Mu ce bashin buhu biyu na masara da ke kanmu tun bara, ko auren da muka yi shekara goma a ciki ba a ɗaura shi a coci ba. Sa'an nan mu tambayi kanmu abin da muke tsoro a ciki. Sau da yawa idan aka faɗi tsoron a fili yakan ragu: kunyar Fada ce, ko tsoron kuɗin biki. To, Ekklesiya ba ta ce sai an yanka sa kafin a albarkaci aure ba, kuma abin da aka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi an hatimce shi har abada.

Kada kuma mu jira sai mun ji zuciya ta so. Ƙarfin hali yakan zo ne bayan an fara, kamar yadda noma ke sauƙi bayan kunya ta farko. A ɗauki mataki mafi ƙanƙanta a sa masa rana da sa'a: ranar kasuwa mai zuwa, bayan an tashi, a biya ta gidan wanda ake gaba da shi a gaishe shi kawai. Wanda ba zai iya biyan buhu biyu ba ya kai mudu goma. A kuma gaya wa wani, katekis ko shugabar Zumuntar Mata, domin alkawarin da kunne biyu suka ji ya fi wuyar warwarewa. Ekklesiya kanta ta san halinmu, shi ya sa tun Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta sa wa'adi: kowane mai bi ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji a lokacin Ista. Dokokin Ekklesiya na 1983 sun umarci iyaye su nemi baftismar jariri cikin makonnin farko bayan haihuwa.

Wasu abubuwa kuwa ba sa ɗaukar ko kwana ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe yaro cikin sa'a 24 idan ya yi tsanani. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a ce bari mu ga wayewar gari. Idan tsoho ya kwanta ciwo, a aika wa Fada tun yana iya magana. Shafewar marasa lafiya da mai ba sallamar gawa ba ce, kuma ƙauyukanmu suna da nisa, hanyoyi kan lalace da damina.

Ista tana gabatowa, ruwa kuma yana biye da ita. Da zarar an shiga shuka, kowa zai sami uzuri na gaskiya har kaka. Saboda haka duk wanda ke da jaririn da ba a yi wa baftisma ba, ko auren da ke jiran gyara, ko majinyaci a gida, ya tsaya bayan Misa ta wannan Lahadi ya ba katekis sunansa kafin ya tayar da babur.