Ilmi Kyauta A Waya: Ina Matsayin Malami?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani ɗalibina daga Rogo ya nuna mini wayarsa, a cikinta akwai Maktabatus Shamila mai dubban littattafai, ya ce, "Malam, ashe yanzu zuwa zaure ya zama dole?" Na ce ya karanta mini layi guda daga Ajurumiyya. Ya karanta, amma ya yi wa fa'ili fataha, watau ya mai da mai aikatawa abin aikatawa. Wayar kuwa ba ta ce masa uffan ba.

Lalle wannan abu ni'ima ce. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu har Agadas. Yau kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana ajiye littattafan darussanta a intanet ga mai so. Jami'ar MIT ta Amurka ma ta saki nata tun 2002. Ɗan manomi a Ƙaraye, da matar aure da ba ta samun fita, duk hanya ta buɗe musu. Kai ilmi inda mai nema yake kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Nana Asma'u ta aika jajis ƙauyuka su karantar da mata.

To, amma ita jaji mutum ce, tana ji, tana gyarawa. Wannan shi ne abin da ya yi ƙaranci a waya. Magabata sun kula ƙwarai da wanda aka ɗauki karatu daga bakinsa, har Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ida'un Nusuki don ambaton malamansa. Wanda ya yi karatu ba mai gyara, kuskurensa yakan zame masa yaƙini, sa'an nan ya koya wa waɗansu.

Kyautar ma ba ta kai ga kowa ba. Akwai kuɗin data, da na cajin waya inda babu lantarki, ga shi yawancin darussan da Turanci suke.

Saboda haka nauyi biyu ne. Ɗalibi ya ɗauko daga waya, ya kawo gaban malami a tace masa. Mu malamai kuma kada kishi ya sa mu kushe abin da ba mu duba ba. Mu koye shi, mu zaɓo ingantacce, mu naɗi karatunmu da Hausa mu bayar sadaka. Masu hali su taimaka wa makarantun Islamiyya da na'urar sola.

Na ce wa ɗalibin nan ya dawo gobe da wayarsa, mu biya babin fa'ili tare.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalamu alaikum.