Kwaikwayo ko Sata?

A ɗauki misalin wani matashi a Madawa ko Keita wanda ya gaji tsohuwar kwamfuta daga wansa. Ba shi da halin sayen PlayStation, sai ya sa wa kwamfutar wata manhaja mai kwaikwayon aikin wannan na'ura, ta soma karɓar wasannin da ba don ita aka ƙera su ba. Shin basira ya nuna, ko kuwa sata ce ta sa rigar basira?

Abu biyu ne a nan, kuma bai kamata a gama su ba: manhajar kwaikwayo daban, wasan kansa daban. A Madawa, ƙasar tabarmi, macen da ta ga zanen maƙwabciyarta ta saƙa irinsa da kabarta da guminta, ba a kiran ta ɓarauniya. Kusan haka wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta gani a shekarar 2000, da ta bai wa kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony: nazarin yadda na'ura ke aiki domin a gina mai kwaikwayonta ba laifi ba ne.

Wasan kuwa gumin wasu ne. Mai kāre matashin zai ce wanda aka kwafi wasansa bai rasa kome ba, tun da nasa yana nan a hannunsa. Amma ya rasa ciniki. Duk mawaƙin Tawa da ya ji waƙarsa tana yawo daga waya zuwa waya, ko dala ba ta shiga aljihunsa, ya san zafin wannan rashi. Shi ya sa Nijar ta shiga yarjejeniyar Bangi ta 1977 mai kiyaye haƙƙin masu fasaha. A 2024 ma masu manhajar Yuzu sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 na Amurka, kan wasannin Switch da ke cikin kasuwa a lokacin. Talauci yana iya sassauta zargi, amma ba ya mayar da kayan wani su zama naka.

Sai dai akwai wani gefen. Wani bincike na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Na'urorinsu suna mutuwa, faya-fayansu suna ruɓewa. Wanda ya adana irin waɗannan bai tare cinikin kowa ba. Ya fi kama da almajirin da ya kwafi tsohon kundi da hannu kafin gara ta cinye shi. Ko da doka ba ta wanke shi ba, lamiri yana da wuya ya kama shi da laifi.

Ma'aunin ke nan: wa aka cuta? A kwarin Majiya da ke ƙasar Buza, tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro domin tare iska. Manomin da gonarsa ta samu kariya bai rage wa kowa kome ba. Wanda ya sare itacen da dare ya cuci gari duka. Matashin nan, kafin ya danna maɓalli, ya kamata ya san ko inuwa yake sha, ko gatari ne a hannunsa.