Hukuncin Kwatanta Bakin Yaro da na Ɗan'uwansa

Yaran da suka fito ciki ɗaya ba sa buɗe baki a lokaci ɗaya. Galibi yaro kan faɗi kalmarsa ta farko wajen shekara ɗaya, ya fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara biyu, amma tazarar da ke tsakanin mai saurin baki da mai nauyin baki tana da faɗi. A gidajen haya na Tudun Wadan Zariya, inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya, kwatance ba ya ƙarewa. Kullum akwai mai cewa lokacin da yayarsa take kamarsa har aikenta ake yi, shi kuwa har yanzu gwaranci yake. Tambayar ita ce ko wannan kwatance ya halatta, kuma ina iyakarsa.

Alƙur'ani da kansa ya kawo 'yan'uwa biyu da bakinsu ya bambanta. A Suratu Ɗaha, Annabi Musa ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin da ke harshensa, a Suratul Ƙasas kuma ya ambata cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasaha. Duk da haka Musa ne aka ba Attaura, shi ne Allah Ya yi wa magana, Haruna kuma ya zama mataimakinsa. Wanda ya mayar da nauyin bakin Musa abin gori shi ne Fir'auna, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf. Wannan kaɗai ya isa ya sa uba ya yi tunani kafin ya kira ɗansa bebe a gaban ƙannensa. Saurin magana baiwa ce, amma ba ita ce ma'aunin daraja ba, ba kuma ita ke nuna wanda zai fi hankali ba.

Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya umarci iyaye da yin adalci tsakanin 'ya'yansu. Kyautar dukiya ce sanadin hadisin, sai dai malamai sun faɗaɗa shi har ga fara'a da janyo yaro a jiki. Mai surutu yakan kwashe hankalin manya, a yi ta dariya ana tanka masa, mai shiru kuma ya rage a gefe, alhali shi ya fi buƙatar a yi masa hira. A gidan da ake da kishiyoyi abin ya fi muni, domin bakin yaro kan zama makamin habaici tsakanin uwaye.

Akwai kuma kwatancen da yake wajibi. Uwar da ta raini yara uku ta san lokacin da na huɗu ya saɓa. Idan ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya kai shekara biyu babu kalma, ko ya daina faɗin abin da ya iya, cewa "ƙaddara ce" a zauna ba tawakkali ba ne, domin Musa ma roƙon waraka ya yi. Sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai zubar da ruwa duk suna iya taɓa ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa ba ya samun abin da zai kwaikwaya. Tashi da harsuna biyu, kamar Hausa da Fulatanci ko Nufanci, abin da ya zama ruwan dare a Tudun Wada, ba ya hana magana. Ana duba kunnen yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.