Ɗan Ci-rani da Ya Dawo Hannu Rabbana: Mai Laifi ne ko Wanda aka Zalunta?

Tun a 1934 ɗan ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya nuna mana a littafinsa Shaihu Umar yadda ake ratsa Sahara da 'ya'yan mutane ana cinikinsu kamar dabbobi. Mun daɗe muna koyar da littafin a matsayin tarihin abin da ya wuce, sai ga shi a watan Nuwamba 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya gwanjon samari baƙaƙen fata a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400. Ashe ayarin bai tsaya ba, mota ce kawai ta maye gurbin raƙumi a hanyar Agadas zuwa Sabha.

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, me ya sa idan an ambaci fataucin mutane mata da yara kaɗai ke zo mana a rai? Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta ƙunshi aikin tilas da bautarwa, ba karuwanci kaɗai ba. Haka ma dokar da ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, wadda aka sabunta a 2015. Saboda haka doka ba ta ware namiji ba. Al'adarmu ce ta ware shi. Mun ce namiji barkono ne, sai muka ɗauka ba ya kuka, ba a kuma cutarsa.

Masu wata fahimta za su ce ai da ƙafarsa ya tafi, shi ya sayar da gonar gado ko babur ɗin acaɓa ya miƙa wa dillali. Gaskiya ne, amma yardar da aka gina a kan ƙarya ba yarda ba ce. Wanda aka yi wa alkawarin aikin gini, sannan aka ƙwace masa fasfo, aka kulle shi, ana dukansa ana buga wa danginsa waya su aiko kuɗin fansa, bai zaɓi wannan ba. Ganganci abin faɗa ne, amma bai halatta bautarwa ba.

Wahalar ba ta ƙarewa da dawowa gida. Ga bashin kuɗin tafiya, ga ciwon jiki, ga firgitar dare, ga kuma habaici a majalisa. Sai ya yi gum, domin faɗin abin da aka yi masa zubar da girma ne a idonmu. Wannan shirun kuwa shi ne jarin dillali, don muddin wanda ya gani bai faɗa ba, ƙanensa zai bi sawunsa. Wani ma kunya ke sake mayar da shi hamada.

To, mene ne haƙƙinsa a kanmu? Da farko kunnen da zai saurare shi ba tare da gori ba. Sai magani, na jiki da na zuciya, da sassaucin masu binsa bashi, da sana'ar da zai riƙe kansa, ko da rumfa ce a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Limamai da masu unguwanni su ba shi wurin yin magana a gaban samari, domin gani ya kori ji. Mutuncin ɗan Adam ba a aljihunsa yake ba, kuma wanda ya kuɓuto da ransa bai dawo hannu rabbana ba.